Hattara 'yan itace: mai tallan injin yanka "Beljiyam" a Facebook ɗan damfara ne

Assalamu alaikum jama'a, musamman 'yan uwana masu harkar itace da gawayi da masu yanka. Dan Allah duk wanda ya ga rubutun nan ya tura wa na kusa da shi, don abun da ya same ni bana fata ya sami ko maƙiyina, kuma har yanzu mutumin yana nan yana talla abunsa kaman bai yi komai ba.

Ni dai sana'ata ita ce itace. Ina sayen bishiya a gona wajen mai ita, busasshiya ko wadda iska ta kayar, ko darbejiyar da ta yi wa gida yawa, a yanka a faskara a ɗaure, in kai gidajen burodi da masu abincin sayarwa da masu tsire a nan Zariya. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 komai ya tashi har da gas, mutane da yawa suka koma murhu, kasuwa ta buɗe mana alhamdulillahi, sai dai ni bani da inji nawa na kaina, hayar mai inji nake yi, kuma wanda ya san harkar ya san wahalar da ake sha, yau yace yana wani aiki gobe yace sarƙa ta tsinke jibi wayarsa a kashe, ga mai a kanka ga abincinsa a kanka, mai gidan burodi kuma ba ruwansa shi dai ya ga itace a ƙofar tanda. Shi ne na shiga adashi na fara tari, har tumaki biyu na uwargida na sayar bisa alkawarin zan mayar mata, har yau ina shan gori.

Wata rana da daddare ina danne-dannen waya sai ga bidiyo, Stihl 070, wannan babban injin yanka itacen da kowa ya sani, yana ratsa wani ƙaton gungume kaman ana yanka kabewa. An rubuta wai Beljiyam ne, wato tsoho da aka yi amfani da shi a ƙasar waje, daga Jamus kai tsaye, saura guda uku. Na kira lambar. Mutumin yace shagonsa na Anacha amma wallahi Hausa a bakinsa kaman jakin Kano, daga gaisuwa ya fara, ya iyali ya kasuwa ya sanyi, Alhaji kaza Alhaji kaza, ni da ko Abuja ban taɓa zuwa ba balle Makka. Ya sa kuɗi dubu 450, muka ja muka ja ya bar min a 420, yana cewa "Alhaji saboda Musulunci na bar maka, wallahi ko kuɗin kwastan ban fitar ba."

Kar wani yace ban yi bincike ba, na yi iya sanina. Nace ya kira ni ta bidiyo in gani da idona, ya kira. Ya ɗauko injin, ya juya min shi ta ko'ina, ya kawo kyamara kusa ya nuna min lambar inji a buge a jikin ƙarfe, ya ja igiya sau biyu ya tashi, ƙara mai nauyi irin ta asali. Kuma har gobe na yarda wancan injin na gaskiya ne. Nan ne dabarar take jama'a. Yana da orijinal guda ɗaya tak, shi yake nuna wa kowa, shi ne tsutsar da ke bakin ƙugiya, abun da zai sa maka a kwali daban ne.

Muka yi da shi zan tura rabi, in kaya sun iso tasha in cika. Da ya turo akawun sai na ga sunan ba irin wanda ya faɗa min bane, na tambaya yace na yaron shagonsa ne, nasa yana da matsalar netwok. A nan ya kamata in tsaya, amma zuciya ta riga ta tafi, na riga na fara lissafin mota nawa zan dinga fitarwa a sati. Na tura. Bayan kwana uku direba ya kira ni, na je tasha na tarar da kwali an naɗe shi da buhu an zagaye da salatif kaman ba za a taɓa buɗewa ba. Nace bari in duba, direba yace "Malam ni saƙo aka bani, an ce kar in saki sai an kira ni an ce an ga alat, in ba haka ba in juya da shi." Ga fasinja na jira ana ta masa hon, shi kuma oga yana ta kirana yana rantsuwa. Na ɗaga kwalin na ji nauyi. Na tura cikon.

A gida na buɗe. Abu na farko da ya ɗan taɓa min zuciya, injin da aka ce Beljiyam amma ƙasansa fes, warin sabon fenti yake, an dai shafa masa baƙin mai da ƙura a wasu wurare don ya yi kama da wanda ya yi aiki, murfin sama ne kawai tsoho da sunan Stihl a jiki. Har da galan ɗin mai ja ya sako min wai kyauta, man haɗawa da fetur. Nace to Allah ya saka, ashe ashe.

Ranar farko muka kai shi kan darbejiya ɗanya, ya yi, ba laifi, har yara suna murna. Rana ta biyu sarƙa ta fara saki, ka ɗaure yanzu bayan yanka biyar ta sake lilo, haƙoran kuma sun dakushe tun kafin azahar, garin katako yake fitarwa kaman tsaki maimakon ɓarɓashi manya. Rana ta uku muka samu busasshen marke, kun san marke da ƙirya ba sa wasa da inji, ko minti ashirin bai yi ba ya ɗau zafi, ƙarfi ya ragu, ya yi wani irin kuka ya mutu. Na ja igiya ta ƙi motsi ƙememe.

Na ɗauke shi a mashin sai wajen wani dattijo bakanike da ya daɗe yana gyaran irin waɗannan injina. Ko sauke shi ban gama ba ya dube ni yace "Ɗana nawa ka biya?" Na faɗa masa. Ya yi shiru, ya ce in samu wuri in zauna. Ya goge inda lamba take zama, wayam ba komai, sai wata 'yar sitika da aka manna a gefe wadda farce ma ya ɓare ta. Yace na asali lambobi guda tara ne kuma a jikin ƙarfen ake buga su. Ya kwance salansa ya haska min tocila ta ramin, na ga fistin duk ya karce kaman an ja shi a kan tsakuwa, ringi ya manne, rufin cikin silinda yana ɓarewa. Ya ɗauko tsohuwar sarƙa a ƙarƙashin bencinsa ya nuna min sunan kamfani a buge a jikin 'ya'yan sarƙar, tawa kuwa ba komai, ya sa magagari a haƙori ɗaya ya ci shi kaman sabulu. Sannan ya zuba man kyautar nan a tafin hannu ya murza ya shinshina, yace "wannan ai baƙin man mota ne aka tsinka aka sa masa kala." Murfin sama kaɗai ne na gaskiya, a kan ɗan Cana aka ɗora shi, kuma Baba yace sabonsa dal a kwali bai kai rabin abun da na biya ba.

Bari in faɗi gaskiya a nan don kar a ce na yi wa 'yan kasuwa kuɗin goro. Ɗan Cana ba haramun bane. Akwai masu shago masu tsoron Allah da za su ce maka wannan kwafi ne, ga kuɗinsa, ka saya da saninka, ka ƙara masa mai a haɗi, ka dinga hutar da shi, ka canza masa sarƙa mai kyau, wasu suna cin abinci da shi shekara da shekaru. Shi kansa kamfanin Stihl na Jamus ne amma yana da masana'anta a Amurka da Barazil har da Cana ɗin, to ba sunan ƙasa ne matsalar ba. Matsalar a sayar maka da jabu da sunan orijinal a karɓi kuɗin orijinal, a haɗa maka da rantsuwa.

Da na kira mai tallan, muryar nan mai daɗi ta canza. "Alhaji kai ka kashe inji da hannunka, yaya ka haɗa mai?" Nace man da ka bani na zuba. Yace to yaranka ne ba su iya ba. Kun ga amfanin kyautar kenan, ya riga ya tanadi inda zai jingina laifi. Can kuma sai ya sassauto, wai yana tausayina, in turo dubu 60 ya aiko min da fistin da silinda orijinal. Wallahi saura kaɗan in tura, don mutum in ya yi asara hankalinsa baya jikinsa, Baba ne ya karɓe wayar daga hannuna. Da yamma na duba ya yi bulokin ɗina a WhatsApp da Facebook gaba ɗaya.

Na je banki, suka ce ba za su taɓa akawun ɗin ba sai da takardar kotu, na kai ƙara wajen 'yan sanda an rubuta, ana kai. Amma abun da ya sa na zauna na yi wannan dogon rubutu shi ne, da na bada labari a cikin 'yan uwa 'yan itace sai ga mutum biyu sun fito, ɗaya daga wajen Kafanchan ɗaya daga Gombe, muka haɗa bidiyon da ya tura wa kowa, iri ɗaya, gungume ɗaya, na Gomben ma ya ɗau hoton lambar lokacin kiran bidiyo kuma ita ce dai lambar da aka nuna min. Shi na Kafanchan ko injin ma bai samu ba, tsohon kan janareta aka cusa masa a kwali da tsummokara.

Don haka in za ka sayi inji, dan Allah ka taka ka je da ƙafarka, ko Kano ce ko Kaduna ko ina ne, kuɗin mota bai kai dubu 420 ba, kuma ka tafi da wanda ya san inji ko da za ka biya shi yinin ranar. Ka sa yatsa ka shafa lambar ka ji ta a jikin ƙarfe. In tsoho ne a kwance salansa a gabanka, noti kaɗan ne, mai gaskiya ba zai hana ba. Ka riƙe hannun igiyar tayarwa ka saki injin, mai lafiya a hankali zai dinga sauka yana tirjewa, wanda ya gaji zuruf zai tafi ƙasa, kuma 070 ya haura kilo 10 ko babu sarƙa babu mai, to ka riƙe da kyau. A tayar da shi a nufi bakinsa kan kwali ko wani katako mai haske a ba shi wuta, in famfon man sarƙa na aiki za ka ga layin mai ya fantsama. Sannan a yanka busasshen itace mai tauri da shi har ya ɗau zafi, ba ɗanyen reshe ba. Wanda aka gwada ɗin shi za ka rungume ka fita da shi, kar a ce bari a shiga ciki a sa maka a kwali. Man haɗi kuma ka saya da kanka a inda ka yarda, in na kamfanin ne na gaske, mili 100 ake zuba wa lita 5 ta fetur.

Ban sa suna ko lambarsa a nan ba saboda magana na hannun hukuma, kuma ma canzawa yake kaman riga, sunan da ya damfare ni da shi daban da wanda ya yi wa na Gombe. Amma ga alama, a duk bidiyonsa akwai shuɗiyar tamfol a bayansa da jarka ruwan ɗorawa a gefe, kuma kullum "saura guda uku" ne. Shekaranjiya wani ya turo min sabon shafinsa, yanzu har injin ban ruwa ya ƙara saboda rani ya shigo, tamfol ɗin nan dai ita ce. Duk wanda ya taɓa tura masa kuɗi ya ajiye rasit ɗin tiransifa da hirarsu kar ya goge, ya yi min magana ta inbok mu haɗa su wuri ɗaya mu kai.