Sharhi kan allurar huda yatsa mai komawa gidanta

A ɗakin gwajin asibitin sha-ka-tafi da nake aiki mun ajiye biron huda yatsa ɗin nan da ake canja wa allura, mun koma ƙananan allurai masu gidan roba da ake amfani da su sau ɗaya. Ka murɗe hular, ka ɗora a yatsa, ka danna. Allurar ta soka ta koma ciki, kuma ko kwana za ka yi kana dannawa ba za ta sake fitowa ba. Wannan kaɗai ya biya kuɗinta a wurina.

Mutane da yawa, har da wasu abokan aiki, gani suke in an canja allura shi ke nan. Ina! Jini yakan fantsama a bakin biron, ɗigon da ido ba ya gani, ƙwayar ciwon hanta nau'in B kuwa tana iya kwana bakwai a busasshen jini da ranta. A 2010 hukumar yaƙi da cututtuka (CDC) da ta kula da abinci da magunguna (FDA) na Amurka sun gargaɗi ma'aikatan lafiya kada a huda mutum biyu da biro ɗaya, bayan cutar ta yi ta ɓulla a gidajen kula da tsofaffi ta hanyar gwajin suga. Biro na mai ciwon suga ne shi kaɗai a ɗakinsa. Inda layi ya kai bakin ƙofa lokacin maleriya, ba wurinsa ba ne.

Sai dai allura ba ta koya wa mutum aiki. Safar hannu sabuwa ga kowane majinyaci. Yatsan tsakiya ko na zobe nake kamawa, in soka a gefe, ba a tsakiyar tsokar ba. In na goge da sifirit sai na jira ya bushe, in ba haka ba ya yi zafi kuma ya ɓata jinin. Ɗigon farko auduga ce ke shanye shi. Jaririn da bai kai wata shida ba kuwa gefen dunduniya ake hudawa, kuma ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce zurfin kada ya wuce milimita 2.4, don kar a taɓa ƙashi. Shi ya sa nake duba zurfin da aka rubuta a jikin kwali kafin in saya.

Inda allurar nan mai gidan roba ta gaza shi ne hannun manomi mai kanta, musamman da sanyin hunturu. Marar zurfin sai ta soka, jini ya ƙi fitowa, ka ji kamar ka matse yatsan da ƙarfi. Matsewar nan ruwan jiki take gauraya wa jinin, sakamako ya zo ba daidai ba. Gara in ce, "Baba, ɗan murza hannuwanka su yi ɗumi, ka sauke su ƙasa," sannan in ɗauko mai zurfi.

Ta fi allurar biro tsada, kuma gidan robar yana cika kwalin zubar da allurai da wuri, ga shi da ya kai kashi uku cikin huɗu dole a rufe shi. Duk wanda zai saya wa asibiti ko kemis, ya sayo iri biyu, mai zurfi da marar zurfi, ya haɗo da ƙarin kwalaye.