Na je Fadar Windsor da motar yawon buɗe ido, ga yadda na gani

Jama'a duk wanda Allah ya kai shi Landan kuma yana son ganin gidan sarautar Ingila da idonsa, to Fadar Windsor ta cancanci kuɗin tikiti, amma don Allah kar ku bi motar kamfanin yawon buɗe ido irin yadda na yi. Ni da ƙanena muka biya ta intanet, aka haɗa mana wurare uku a rana ɗaya, mun iso Windsor direba ya ce awa biyu kacal gare mu, kusan rabin awa kuma ta tafi a layin bincike. Wallahi sai da raina ya ɓaci.

Abin da na fi so shi ne 'yar na'urar nan da ake ba ka ka sa a kunne, tana cikin kuɗin tikitin, kana tafe tana ba ka labari. A nan na ji cewa sunan Windsor ɗin ma ba shi ne sunan zuriyar sarautar na asali ba, Saxe-Coburg da Gotha ne, sunan Jamusawa, Sarki George na biyar ya canza shi a 1917 saboda ana yaƙi da Jamus, alhali shi da Sarkin Jamus Wilhelm na biyu duk jikokin Sarauniya Victoria ne. 'Yan uwan juna ne fa suke gwabzawa!

Cocin St George da ke cikin fadar shi ne inda na so a ce na wuni. Sama da kujerun an rataye tutoci na jaruman Garter, sarautar da Edward na uku ya kafa a 1348, ba sa wuce mutum 24 banda 'yan gidan sarauta, in mutum ya rasu sai a sauke tutarsa amma ƙaramin allon tagulla mai tambarin gidansu yana nan manne a jikin kujerar har abada, wasu sun yi ɗaruruwan shekaru. A ƙasa kuma kana taka wani dutse ashe Sarki Henry na takwas ne kwance a wurin tare da Sarki Charles na ɗaya wanda aka sare wa kai a 1649.

Sai kabarin Sarauniya Elizabeth. Wani ɗan lungu ne a gefe, baƙin dutse shimfiɗe a ƙasa, sunan mahaifinta da mahaifiyarta a sama, nata 1926-2022, na mijinta Philip 1921-2021, sai tauraruwar Garter a tsakiya, shi kenan ba wani ado. Na tsaya na tuna kakata da take ba mu labarin hawan daba da aka yi wa wannan matar a Kaduna a 1956, jikina ya yi sanyi, ban ankara ba ƙanena ya taɓo ni wai saura minti goma mota ta tashi. Da gudu-gudu muka ratsa babban zauren da aka sake ginawa bayan gobarar 1992, ban ga komai a natse ba.

Ba a ɗaukar hoto a ciki, kuma ranar Lahadi cocin na masu ibada ne kawai, ku kiyaye wannan. In Allah ya sa na koma jirgin ƙasa zan hau daga tashar Waterloo, kamar awa ɗaya ce, in shiga tun da safe abina.