Flatworm eXit na kashe jar tsutsa, amma gawarta ce abin tsoro

Mai kiwon murjani (halittar teku mai kama da dutse) a tankin ruwan gishiri ba ya rasa sanin ƙananan tsutsotsin nan masu faɗi, kalar tsatsa, da masana ke kira Convolutriloba retrogemma. A jikin sabon murjani ko dutse suke shigowa. Ba sa buƙatar mace da namiji, jikin ɗaya ne ke tsaguwa ya fitar da wata, shi ya sa yau ka ga tsiraru a kusurwar da ruwa ba ya motsi sosai, kafin ka ankara sun shimfiɗe a kan yashi kamar an barbaɗa garin barkono. Akwai gansakuka a cikin jikinsu da ke ciyar da su ta hanyar haske, don haka wurin haske suke bi. Ba cin murjani suke yi ba, hawa kansa suke yi su tare masa hasken.

Da na tankina suka kai wannan matsayi na nemo maganin Flatworm eXit na kamfanin Salifert. Ƙa'idarsa ɗigo 4 a kowace lita 20. Ana kashe fitilar UV mai kashe ƙwayoyin cuta a ruwa, a cire gawayin tace ruwa, a bar na'urar kumfa mai fitar da datti daga ruwa tana aiki. Cikin rabin sa'a sai ga su suna sakin dutse suna yawo a ruwa. A nan ba ni da abin cewa, magani ya yi aikinsa, murjanina da jatan lande da dodon koɗi duk suka tsallake lafiya.

Inda mutane ke asarar kifi shi ne bayan nan. Jikin tsutsar na ɗauke da guba, tana mutuwa take sakinta, kuma abin da ido ke gani ba komai ba ne a kan wanda ke ɓoye cikin ramukan dutse. Kamfanin ma ya yi wannan gargaɗi. Tun kwanaki kafin in zuba, kullum sai na bi su da siririn tiyo ina zuƙewa, aiki mai cin rai da ciwon baya, amma shi ne rabin maganin. Na kuma haɗa sabon ruwan gishiri da ya kai kwatan tankin, zafinsa da gishirinsa daidai da na ciki, na ajiye sabon gawayi a kusa. Suna fara mutuwa na koma zuƙar gawarwaki, na saka gawayin, na sauya ruwa. Wanda ba zai iya zama gaban tanki tsawon yinin ba, ya ɗage zuwa wata rana.

Zubi ɗaya bai gama da nawa ba, sai da na maimaita bayan kamar mako guda.

Kada wanda tsutsarsa ke cin murjanin Acropora ya sayi Flatworm eXit da niyyar kashe ta. Waccan wata halitta ce daban, ana cire murjanin a tsoma shi cikin magani a wani mazubi, a kankare ƙwayayenta. Masu cewa a saka kifin wrasse mai layi shida don ya cinye jar tsutsar kuwa, wani yakan ci, wani ko kallonsu ba ya yi, ga shi da neman faɗa. Yanzu duk sabon murjani sai na tsoma shi a magani na duba ƙasansa da tocila kafin ya shiga tankina.