Dutsen guga mai tururi: yana aiki amma sai ya yi zafi sosai

Wannan dutsen gugan mai tankin ruwa da nake amfani da shi, gaskiya wajen kayan auduga ba ni da ƙorafi. Ka murɗa maɓallin zafinsa zuwa alamar ɗigo uku, wajen digiri 200 kenan, tururin na fitowa a bushe, squeezing ɗin nan na wuyan riga shafa ɗaya ya kwanta.

Matsalar tana wajen ƙaramin zafi ne. Idan ka sa shi a ɗigo ɗaya, kusan digiri 110, ka danna tururi, sai ya riƙa tofa maka ruwa a kan kaya, saboda ruwa a digiri 100 yake tafasa kuma kafin kilo ɗaya ya zama tururi yana shan zafi kusan kilojul 2260, to farantin ƙasan dutsen yana hucewa nan take, ɗigon ruwan da bai ƙone ba sai ya biyo tururin ya fito. A yadi mai sheƙi tabo yake bari wallahi.

Abin da ya ban mamaki, in ya yi zafi sosai ka ɗiga ruwa a farantin ba ya ƙonewa da wuri, birgima yake ta yi, tururi ne ke shiga tsakani ya hana shi taɓa ƙarfen. Wani likita Bajamushe Leidenfrost ya bayyana haka tun 1756.

Ramukan tururin kuma suna toshewa da farin datti in ruwanka mai gishiri ne, sai wanki akai-akai. Wayar ma ta yi gajarta. Mai guge auduga ya saya, mai siliki ya kashe tururin kawai.