Farar fuskar Hereford da ta Simmental: kama da wane ba ta wane ba ce

Malam, ka ce kana da jajayen shanu da baƙaƙe marasa tabo, za ka sa a ɗura musu maniyyin bijimin Hereford ko na Simmental. Tunda dukkansu farar fuska gare su, kana tambaya wanne ne zai fi ba maraƙi fuskarsa, kuma ko za ta ɗore har jikoki. Farin da ido ke gani iri ɗaya ne, amma hanyar gadonsa ta bambanta.

A Hereford, ɗan asalin Ingila, ƙwayar gado ɗaya ce ke riƙe da aikin, kuma tana da rinjaye. Maraƙi kan karɓi kwafi ɗaya daga uba, ɗaya daga uwa. Tsantsar Hereford yana da biyu, shi ya sa farin ya kama kai, ƙirji, ciki, ƙafafu da bakin wutsiya. Idan ya hau saniya marar tabo, kusan kowane maraƙi zai zo da farar fuska, sai dai farin ciki da na ƙafa ya ragu. A Amurka an saba haɗa shi da baƙar saniyar Angus, a samu baƙin maraƙi mai farin kai, domin baƙi na danne ja, farar fuska kuma na danne rashinta.

Simmental na ƙasar Suwizalan ya fi wuyar sha'ani. Nasa farin haɗin gwiwa ne: akwai ƙwayar da ke zana fari daga goshi zuwa hanci, akwai kuma ta dabbare-dabbaren jiki, wadda ke ɓuya sai maraƙi ya gaje ta daga uwa da uba duka. Don haka 'ya'yan farko ba sa zuwa bai ɗaya. Wani farin ya rufe rabin fuska, wani ɗan siririn layi ne kamar an ja da alli. Ɓoyayyar kuma tana nan kwance. Ranar da aka haɗa karsana daga cikin 'ya'yan nan da bijimin Holstein (irin shanun madara masu dabbare-dabbare), wanda shi ma yana da ita, sai ka ga maraƙi da manyan tabo a gadon baya. Wasu bijiman Simmental masu ruwan ƙasa-ƙasa suna ɗauke da ƙwayar da ke kashe kaifin launi, sai ɗan baƙar saniya ya fito toka-toka, wani lokaci da gajeren gashi a murɗe da wutsiya marar gashi kamar ta ɓera.

Batun jikoki shi ne inda mutane ke ruɗewa. Ɗan Hereford da Angus kwafi ɗaya kawai yake da shi. Ka mayar da karsanar ga bijimi marar tabo, rabin 'ya'yanta ne za su yi farar fuska. Ka haɗa 'ya'yan farkon junansu, a cikin maraƙa 16 ana sa ran 9 baƙaƙe masu farar fuska, 3 baƙaƙe wuluk, 3 jajaye masu farar fuska, 1 ja zalla. Lissafin babban garke ne wannan. Mai shanu biyar zai iya ganin abin ya karkata gefe guda.

In maraƙi ya fito da ɗige-ɗigen baƙi a cikin farin fuskarsa, ko zobe kewaye da ido, kada ka zargi mai ɗurin cewa ya musanya maka maniyyi. Wata ƙwaya ce daban mai rinjaye, wadda shanu marasa tabo da yawa ke ɗauke da ita ba a sani ba, domin sai da farin wuri take bayyana.

Ni kuwa wannan maraƙin mai zobe a ido zan ce ka riƙe. Fatar ido marar launi, irin jajayen idanun nan na tsantsar Hereford, ita ce rana ke yi wa illa har ta kai ga ciwon daji na ido, musamman in dabba ta manyanta. Dubi Bunaji: fara ce sol, amma ido, hanci da kunne baƙaƙe ne. Kafin ka biya kuɗin maniyyi, nemi hoton bijimin na kusa, ka duba ko fatar idanunsa biyu tana da launi. In fuska iri ɗaya kake so a 'ya'yan farko, Hereford ya fi tabbas.