Injin tafkin kifi mai lita 5,000: abin da na gani bayan na yi amfani da shi

Injin tura ruwa ne ƙarami, irin wanda ake nutsarwa cikin ruwa, mai kama da sumo na rijiyar burtsatse, sai dai shi ba a yi shi don tura ruwa sama can ƙololuwa ba. A jikin kwalinsa an rubuta lita 5,000 a awa, wat 40, iyakar tsayi mita 3.5. Na saye shi ne saboda tafkin kifin ado da ke lambun bayan gidana a Kaduna: tsawo mita 3, faɗi mita 2, zurfi santimita 60, wato lita 3,600 ke nan. Masu kiwon kifin ado sun fi son ruwan tafki gaba ɗaya ya bi ta matata, wato abin tace datti, sau ɗaya cikin awa ɗaya zuwa biyu. A lissafi dai injin ya isa, har da rara.

To amma 5,000 ɗin nan ruwan da yake fitarwa ne a bakinsa, ba bututu, ba hawa. Da ya fara hawa sai ya riƙa raguwa, a mita 3.5 kuwa ko ɗigo ba ya fita. Mai shagon bai faɗa min haka ba, ban kuma ce ɓoyewa ya yi ba, don da alama shi ma kwalin yake karantawa. Tsayin kuwa daga saman ruwa ake auna shi zuwa inda ruwan zai zubo, ba daga ƙasan tafki ba. A tafkina mita ɗaya ne zuwa kan duwatsun da ruwan ke gangarowa.

Inda na fi jin haushi shi ne bututu. Mahaɗin da ke bakin injin hawa-hawa ne, daga siriri zuwa mai kauri, kuma fulamban da ya zo haɗawa ya ɗaura tiyo mai inci ɗaya da gwiwoyi (mahaɗan da ke karya kwanar bututu) har uku, ya ce ai haka ake yi. Na tara bokiti mai lita 20 a bakin ruwan, ya cika cikin daƙiƙa 30, wato lita 2,400 a awa, ko rabin abin da aka rubuta bai kai ba. Na ce, “Malam, a canza min zuwa inci ɗaya da rabi.” Ya yi ta ƙorafin ɓarnar kuɗi ce. Muka yanke siraran hawan mahaɗin da zarto, muka cire gwiwoyi biyu, muka bar tiyon ya lanƙwasa a hankali da kansa. Bokitin nan ya koma cika cikin daƙiƙa 22, sama da lita 3,200 a awa. Injin bai canza ba. Bakin bututu mai inci ɗaya da rabi ya ninka na inci ɗaya fiye da sau biyu, kowace gwiwa kuma tana cin nata rabon na ƙarfin ruwa.

Wajen wuta ba ni da abin cewa. Wat 40 dare da rana bai cika yunit ɗaya ba, inbata na riƙe shi idan an ɗauke wuta, kuma hakan na da muhimmanci a zafin Maris da Afrilu, lokacin da iska ke ƙaranci cikin ruwa har ka ga kifi na hamma a sama da asuba. Ƙara ma ba ya yi sosai.

Kejin da ke rufe da farfelarsa ne bai yi min ba. Ramukan sun yi ƙanana, ganyen mangwaro da gansakuka na toshe su, da hunturu kuwa ƙura ta koma laka a ƙasa, sai an ciro shi an wanke kusan kowane mako. Ɗora shi da na yi a kan bulo ya rage wahalar. Wayarsa ma gajera ce, sai da mai gyaran wuta ya matso da soket mai murfi, ya sa masa abin da ke katse wuta idan ta zuba cikin ruwa, tunda yara na wasa a wurin.

Mai tafkin da bai wuce lita 4,000 ba, hawan kuma bai fi mita ɗaya ba, zai ji daɗinsa, in har ya sa bututu mai kauri. Mai tarwaɗa da yawa a tankin siminti ya nemi wanda ya fi shi girma, wannan ba zai iya da dattinsu ba.