Gidan mutane ko ɗakin haya?

In ka je wata ƙasa koyarwa ta sa kai, ko dai a sauke ka gidan wani iyali ko ka kama haya. Gidan mutane yaren na saurin shiga, a wajen cin abinci ma gyara maka baki ake, yaran gidan su nuna maka bas ɗin makaranta da inda ake sayen layin waya, amma fa ba sakewa, ka dawo a gajiye ga takardun ɗalibai na jiran makin ga hira dole. Haya kuwa makullinka na aljihunka, sai dai kaɗaici, kuma alawus ɗin sa kai bai cika kauri ba. Ni dai watannin farko gidan mutane zan ce.